Lafiyar Uwargida: Me Takardar Gwajin Jininki Ke Faɗa Game Da Limfoma?



Yau maganarmu kan cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, kamar lufus, amosanin gaɓɓai mai kumburi, da cutar Shogiren. Ita wannan ta ƙarshe, likitan ido ɗan Suwidin Henrik Sjögren ne ya bayyana ta a 1933. Tana busar da hawaye da yawu, kuma cikin mutum 10 masu ita kusan 9 mata ne. Ita ce ta sa Venus Williams janyewa daga gasar tanis ta Amurka a 2011.

Idan garkuwa ta shekara da shekaru tana yaƙi babu hutu, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit suna ta hayayyafa, har wata rana ɗaya ta kauce hanya ta zama sankara. Wannan ita ce limfoma. Kada gabanki ya faɗi: a cikin masu Shogiren, waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kamuwa. Nau'in da ya fi zuwar musu kuma mai tafiyar hawainiya ne, yana jin magani idan an gano shi da wuri.

To, me likita ke dubawa a takardarki?

ESR da CRP suna nuna zafin kumburin da ke cikin jiki. Sai dai juna biyu da ƙarancin jini ma suna ɗaga ESR, don haka hawansa kaɗai ba ya nufin sankara.

C3 da C4 sinadaran garkuwa ne da ke ƙarewa idan yaƙin ya yi tsanani. A lufus, saukarsu kan nuna cutar ta motsa. A Shogiren, C4 da ya sauka ya ƙi tashi yana cikin manyan alamun haɗarin limfoma.

Kirayogulobulin wani sinadari ne da ke daskarewa idan jini ya yi sanyi. Samunsa babbar alama ce. Dole a riƙe jinin da ɗumi irin na jiki har a kai shi ɗakin gwaji, in ba haka ba sakamako ya nuna babu alhali akwai.

Sai yawan limfosayit idan ya yi ƙasa sosai, da gwajin RF idan ya fito.

Ko ɗaya cikin waɗannan ba ya cewa kina da limfoma. Abin da suke faɗa wa likita shi ne ya ƙara sa miki ido. Tabbaci sai an yanki ɗan nama daga kumburin an duba.

Jikinki ma yana magana. Kumburin kumatu a gaban kunne da ya wuce makonni, ko yake tafiya yana dawowa, kada a ce hangum ne a shafa masa shuni. Hangum ba ya daɗewa haka. Ki lura da kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi wadda ba ta ciwo kuma ba ta sauka, da jajayen ɗigo a ƙafafu, jiƙewa da gumi cikin dare, zazzaɓi marar dalili da rama. Tarin fuka ma yana kawo irin waɗannan, shi ya sa gwaji ne kawai zai raba gardama.

Wata kan daina shan magani don an ce mata shi ke kawo sankara. Binciken da aka yi a Suwidin kan masu amosanin gaɓɓai, wanda ya fito a 2006, ya nuna waɗanda kumburinsu ya fi tsanani na tsawon shekaru su ne suka fi haɗari. Barin cutar tana ci shi ne abin tsoro.

Saboda haka ki adana takardunki jere da kwanan wata, ki ɗauki hotonsu a waya. Sakamako guda ba ya ba da labari, sai an gwada shi da na baya. Ranar ganin likita ki tambaye shi kai tsaye: yaya C4 ɗina idan aka kwatanta da na bara?

Mai tambaya ta ajiye ta a wurin sharhi, amma kada ki sa hoton takardarki mai ɗauke da sunanki. Allah Ya ƙara mana lafiya.