Sharhi: Dokin da aka ƙwace wa kambu sau biyu, da darasinsa ga masu sukuwa a Arewa

A ranar 2 ga Agustan 2024 hukumar tseren dawaki ta Saudiyya ta soke nasarar da wani dokin Amurka mai suna Maximum Security ya samu a gasar Kofin Saudiyya, shekara huɗu da wata biyar bayan an yi tseren. Kyautar da ta suɓuce wa masu dokin dala miliyan 10 ce.

Wannan ne karo na biyu da dokin ya riga kowa tsallake layi a babbar gasa amma aka miƙa kambun ga wanda ya zo bayansa. Karon farko a Amurka ne a 2019, inda alƙalai suka yanke hukunci cikin minti 22.

Hukuncin farko ya zo da wuri, amma har yau ana gardama a kansa. Na biyu da wuya a samu mai musun dacewarsa, sai dai ya zo a makare. Idan aka haɗa su, abu ɗaya suke nunawa: jama'a na karɓar soke nasara ne idan tun kafin a saki dawaki kowa ya san dokar, ya san mai hukunci, ya kuma san ranar da magana za ta ƙare.

Minti 22 a Kentucky

Gasar Kentucky Derby ita ce tseren dawaki mafi shahara a Amurka. An yi karo na 145 a ranar 4 ga Mayun 2019 a filin Churchill Downs da ke birnin Louisville, a gaban mutum fiye da 150,000. Dawaki 19 ne suka fafata a zangon kusan mita 2,000, filin kuma ya jiƙe sharkaf da ruwan sama.

Maximum Security ne a gaba tun daga farko. A kwanar ƙarshe sai ya bauɗe daga hanyarsa ya shiga gaban wani doki mai suna War of Will, har ƙafafunsu suka kusa sarƙewa. Wannan ya tilasta wa wasu dawaki biyu, Long Range Toddy da Bodexpress, rage gudu. Mahayinsa Luis Saez ya ce ihun 'yan kallo ne ya firgita dokin.

Alƙalan filin ba su buɗe bincike don raɗin kansu ba. Mahaya biyu ne suka kai ƙorafi: Flavien Prat na kan Country House, wanda ya zo na biyu, da Jon Court na kan Long Range Toddy. Bayan duba bidiyo, alƙalan uku ƙarƙashin Barbara Borden suka yi ittifaƙin mayar da Maximum Security na 17, wato bayan Long Range Toddy.

Country House ya tashi da kambun da kyautar dala miliyan 1.86, duk da cewa cuɗanyar ba ta shafe shi sosai ba. A tarihin gasar, ba a taɓa ƙwace nasara saboda laifin da aka yi a cikin fili ba sai ranar.

Yadda aka sanar da hukuncin ya ƙara rura wutar. Borden ta karanta taƙaitacciyar sanarwa, ta tashi ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya soki hukuncin a Twitter. Masu dokin, Gary West da matarsa Mary, suka nemi ɗaukaka ƙara, aka ce musu dokar jihar Kentucky ta mayar da hukuncin alƙalan fili na ƙarshe.

Suka garzaya kotun tarayya, ta kori ƙarar a Nuwamban 2019. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a Agustan 2020. Shi kuma Saez an dakatar da shi na kwana 15.

Laifi ɗaya, doka biyu

Tushen gardamar shi ne duniyar tseren dawaki ba ta bin doka ɗaya kan tare hanya.

A Birtaniya, Ostireliya, Hong Kong da Japan, tambayar da alƙalai ke yi ita ce: da ba a tare wannan dokin ba, zai iya wuce wanda ya tare shi? Idan amsar a'a ce, sakamako yana nan yadda yake, sai a hukunta mahayin da tara ko dakatarwa. Faransa ma ta koma wannan tsarin a 2018.

A mafi yawan jihohin Amurka da Kanada kuwa, idan doki ya tare wani har ya sa shi asarar matsayi, ana mayar da mai laifin bayan wanda ya cuta, ko da wanda aka cuta ɗin ba zai taɓa cin gasar ba.

Masu goyon bayan tsarin farko na cewa dokin da ya fi gudu shi ya kamata ya ci. Masu kare na biyu na cewa idan mahayi ya san kambu ba zai suɓuce ba, zai yi ganganci ya biya tara daga cikin kyautar, alhali faɗuwar doki ɗaya a tsakiyar taro na iya jawo asarar rayuka. Suna kuma kafa hujja da cewa War of Will ba ƙaramin doki ba ne, domin mako biyu bayan haka shi ya lashe gasar Preakness.

Kowane ɓangare na da abin kamawa. Amma kotuna sun ƙi taɓa hukuncin, kuma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne dokar a rubuce take tun kafin tseren, duk wanda ya shigar da dokinsa ya amince da ita.

Shekara huɗu a Riyadh

Wata goma bayan Kentucky, a ranar 29 ga Fabrairun 2020, Maximum Security ya lashe Kofin Saudiyya na farko a filin Sarki Abdul'aziz da ke Riyadh. Jimillar kyautar dala miliyan 20 ce, mafi tsoka a duniya. Wata goɗiya mai suna Midnight Bisou ce ta zo ta biyu.

Kwana tara kacal bayan haka, masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka tuhumi mutum 27 da hannu a bai wa dawaki magungunan ƙara kuzari. Cikinsu har da Jason Servis, mai horar da Maximum Security. Ba gwajin jini ko fitsari ne ya tona asirin ba, hukumar FBI ce ta naɗi hirarrakinsu ta waya. Cikin magungunan da aka ambata akwai SGF-1000.

Saudiyya ta riƙe kyautar dokin, ta ce sai ta ga ƙarshen shari'ar. Servis ya amsa laifinsa a Disamban 2022, aka ɗaure shi shekara huɗu a Yulin 2023. Gary West, wanda ya kai Kentucky kotu, a wannan karon ya ce zai goyi bayan sake raba kuɗin.

Lokacin da hukunci ya fito, Midnight Bisou ta daɗe da yin ritaya daga tsere. Masu ita sun samu cikon kuɗinsu, amma tafin 'yan kallo da ɗaga kofi a gaban duniya ba a mayar da su.

Irin wannan jinkiri ya sake faruwa a Kentucky. Medina Spirit ya ci gasar 2021, gwaji ya nuna maganin betamethasone a jininsa, amma ba a soke nasarar ba sai 21 ga Fabrairun 2022, bayan dokin ya mutu a Disamba. A tsakiyar waɗannan rikice-rikice ne Amurka ta yi dokar tarayya a Disamban 2020, wadda ta kafa hukuma ɗaya mai kula da magunguna da lafiyar dawaki maimakon kowace jiha ta yi gaban kanta.

Abin da aka karanta a Sifawa

Tambayar wa ya ci idan an tare wani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau, daga wajajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa da rubuce-rubuce kafin ya koma Sakkwato. Ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Babban littafin fiƙihun da malaman wannan zamani suka dogara da shi shi ne Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda har yau ake karantawa a zaure.

A cikinsa akwai babi guda kan tsere, dab da bayan babin jihadi. Ya sharɗanta a ayyana mafari da matuƙar tseren, a kuma ayyana dabbobin da za su yi shi.

Sannan ya rarrabe tsakanin cikas biyu. Idan an doki fuskar doki ko an fizge bulalar mahayi, ba a ɗaukarsa a matsayin wanda aka tsere wa. Idan kuwa mahayin ne ya yar da bulalarsa, ko dokinsa ya yi turjiya, to asararsa ce. Ma'aunin shi ne daga ina cikas ɗin ya fito.

Raba dawaki aji-aji ma yana da asali. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa ya nuna Annabi (SAW) ya sa dawakin da aka horar sun yi tsere daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, zangon mil biyar ko fiye, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su zangon kusan mil ɗaya.

Ke nan shimfiɗa sharaɗi kafin tsere ba al'adar Turawa ba ce da za a ce an aro.

Ina filayenmu suka dosa?

Sukuwa tana da dogon tarihi a Najeriya da Nijar. Dandalin Tafawa Balewa a Legas da Dandalin Murtala a Kaduna asalinsu filayen sukuwa ne. Filin Sukuwa na Kano yana nan, haka na Yamai da Maraɗi. A manyan gasanni dawaki na zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru, kyaututtuka sun kai motoci da babura.

Duk inda kyauta ta yi tsoka, ƙofofin rikici huɗu ne: tashi kafin a ba da alama, tare hanya a kwana, shigar da doki ajin da ba nasa ba, da magani. Ko babbar gasa ce a Kano, ko ƙaramar sukuwar biki a karkarar Boɗinga da Shagari, ƙofofin ba sa canzawa.

Akwai kuma wani nauyi na musamman a nan. Masu dawakin tsere galibi sarakuna ne da attajirai da 'yan siyasa. Alƙalin da aka ɗauko daga cikin gari zai iya tsintar kansa yana hukunta dokin ubangidansa. Idan babu takardar da zai nuna, ko ya yi gaskiya za a ce son kai ne, magoya baya kuma su ɗauki abin a matsayin cin fuskar garinsu.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mahayi, wanda sau da yawa matashi ne marar nauyi da aka ɗauko haya. Idan tare hanya ba ta da hukunci, shi zai ƙare a hannun mai ɗori.

Gyaran bai buƙatar dala miliyan 20. Masu shirya gasa za su iya rubuta doka a shafi ɗaya da Hausa, a karanta wa masu dawaki da mahaya kafin a fara, kowa ya sa hannu. Dokar ta fayyace tsarin da za a bi kan tare hanya, na Birtaniya ne ko na Amurka, domin kowanne aka zaɓa ya fi a bar shi a buɗe.

Alƙalai su kasance uku, babu mai doki ko dangantaka da mai doki a tseren. A tsayar da mutum da wayar hannu a wurin tashi, a kowace kwana da kan layin ƙarshe, a kuma ƙayyade mintunan kai ƙorafi. Bayan hukunci, alƙalan su nuna bidiyon su amsa tambayoyi, abin da Kentucky ta kasa yi.

Batun magani ya fi wuya, domin gwajinsa na da tsada kuma shari'ar Servis ta nuna gwaji kaɗai ba ya kama kowa. Duk da haka Sakkwato na da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Najeriya kuma na da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tun 1924. Likitan dabbobi zai iya duba doki kafin tsere, ya ɗebi jinin waɗanda suka yi nasara a hatimce a gaban masu su, a riƙe babbar kyauta zuwa ranar da aka ayyana tun farko.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Amurka da Saudiyya, da kuɗinsu da kyamarorinsu, sun shafe shekaru suna warware abin da ya faru cikin minti biyu. Filin da babu rubutacciyar doka kuwa, ranar da dokin sarki ya tare na attajiri a kwanar ƙarshe, alƙali ba shi da abin da zai ɗaga ya nuna wa taro.