Sallah a Abuja: Ina Majigin Talaka?

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a Abuja ya san yadda gari kan yi tsit. Ma'aikata sun tafi garuruwansu, waɗanda suka rage kuwa, in an sauko daga Idi an ci tuwo, sai su kwashi yara zuwa Millennium Park ko bakin tafkin Jabi. Da magariba ta yi, shi ke nan biki ya watse.

A Kano ta da ba haka abin yake ba. Daren Sallah samari kan yi dafifi a ƙofar silima, irin su Rex da Plaza da El Dorado, a ƙauyuka kuma motar majigi kan tara yaro da babba a ƙofar fada.

To, a Wuse II akwai cibiyar al'adun Faransa, inda akan nuna finafinan ƙasar. Faransawa kuwa suna da wasu tsofaffin finafinai na ɓarayi da 'yan sanda, waɗanda ake kira "film noir", wato baƙin fim, sunan da Nino Frank ya yayata a 1946. Shahararre a cikinsu shi ne Rififi, wanda Jules Dassin ya shirya a 1955. Mutum huɗu ne suka huda rufin kantin lu'ulu'u a Paris, aka yi kusan rabin sa'a ba wanda ya ce uffan. Sata ta yi kyau, amma ɗayansu ya ba wata mawaƙiya zobe daga cikin kayan, asiri ya tonu, kuma ba wanda ya tsira da ransa. Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya gane cewa alhaki kwikwiyo ne.

Abin tambaya shi ne, wa ke ganin irin wannan? Birkilan Nyanya da mai shayin Kubwa ba su jin Faransanci, kuɗin mota zuwa Wuse da dare kuma ba wasa ba ne. Tun da an iya juya finafinan Indiya zuwa Hausa, waɗannan ma ba za su gagara ba.

Ya kamata cibiyar da Hukumar Babban Birnin Tarayya su haɗa kai, su kafa farin ƙyalle a filayen makarantun unguwanni daren Sallah da na Kirsimeti. Waɗanda suka gina birnin nan da guminsu sun cancanci dare guda na nishaɗi. Allah ya sa masu iko su ji.