Gwajin Ƙanjamau A Sashen Gaggawa: Me Majinyaci Yake Tsoro?

Kwanakin baya na kwana a sashen ba da agajin gaggawa na wani babban asibiti, ina jinyar ƙanena da ya yi haɗari a kan babur. A gadon da ke kusa da namu akwai wani magidanci da aka kawo da zazzaɓi da tarin da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, ga matarsa, ga surukinsa, ga maƙwabta biyu da suka yi rakiya duk sun kewaye shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo da fayil a hannu, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, za mu yi maka gwajin ƙanjamau, ka amince?" Wurin ya yi tsit. Mutumin ya dubi surukinsa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah Ya kiyaye, ba na buƙata." Da asuba, bayan mazan sun fita salla, matar kuma barci ya ɗauke ta, sai na ji ya kira ma'aikaciyar da murya ƙasa-ƙasa: "Baiwar Allah, gwajin nan da kika faɗa, in ana yi ba tare da kowa ya ji ba, a yi mini." Labule ne kaɗai tsakaninmu, shi ya sa maganar ta shiga kunnena, alhali bai kamata ta shiga ba.

Tun daga ranar nake juya al'amarin a zuciya. Mun saba jin ana cewa mutanenmu ba sa son gwajin ƙanjamau saboda jahilci ko taurin kai. Ni dai abin da na gani ya nuna mini cewa bawan Allahn nan yana son ya san halin da jikinsa ke ciki, abin da ya guje wa shi ne idon suruki da bakin unguwa. Amsar majinyaci ta dogara ƙwarai ga yadda aka tambaye shi, da kuma waɗanda ke tsaye a kansa lokacin da aka yi tambayar.

Wannan ba halinmu ba ne mu kaɗai. A wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2016, an bi majinyata 4,800 a sashen gaggawa na wani asibitin birnin San Faransisko da ke Amurka, aka raba su kashi uku. Waɗanda aka gaya wa cewa akwai gwaji, in suna so su nema da bakinsu, kashi 38 cikin ɗari ne suka nema. Waɗanda aka tambaya kai tsaye ko suna so, kashi 51 suka amince. Waɗanda kuwa aka ce musu za a yi gwajin sai fa in sun ƙi, kashi 66 suka yarda. Asibitin bai sauya ba, gwajin ma haka, kalmomi kawai aka sauya. Dalilin a fili yake: wanda ya buɗe baki ya nemi gwaji yana jin kamar ya tona wa kansa asiri, amma idan abu ne da ake yi wa kowa, kamar awon hawan jini, babu mai zargin kowa.

Wannan tsari na yi wa kowa tayin gwaji ya daɗe. A 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da shawarar a riƙa gwada duk mai shekara 13 zuwa 64 da ya zo asibiti, har da sashen gaggawa, matuƙar bai ƙi ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNAIDS suka fitar da jagora kan gwajin da ma'aikacin lafiya ne ke fara yin tayinsa. A Ingila kuma, daga Afrilun 2022 aka soma haɗa gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C a jinin da ake ɗiba a sassan gaggawa na birane irin su Landan da Mancesta, aka kuwa gano ɗaruruwan masu ƙwayar HIV da dubban masu ciwon hanta da ba su taɓa sanin suna ɗauke da su ba.

Mai karatu zai iya tambaya, don me sai a sashen gaggawa, inda ake fama da jini da karaya? Amsa ita ce, mace takan samu gwaji idan ta je awon ciki, amma namiji a ƙasarmu sau da yawa ba ya taka asibiti sai an ɗauko shi ranga-ranga. Ƙwayar cutar kuwa takan yi shekaru a jiki ba tare da wata alama ba, tana cin garkuwa sannu a hankali, har sai tarin fuka ko wata cutar ta samu ƙofa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasa baki ɗaya a lokacin. A Arewa maso Yamma adadin ya tsaya a kashi 0.6, amma a yankin da jama'a ta yi yawa irin wannan, shida cikin dubu gidaje ne masu tarin yawa. Gwajin kansa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin kimanin minti 20 an ga sakamako, ko da yake sai an maimaita da wani gwajin kafin a tabbatar.

Da yawa daga cikinmu har yau da idon shekarun 1990 muke kallon cutar, zamanin da ake mata kirari da "kabari salamu alaikum", zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya girgiza ƙasa a 1997 da ya bayyana cewa ita ta yi ajalin ƙanensa Fela. Zamani ya juya. A 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da maganin kyauta a asibitocinta, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗora duk wanda aka samu da ƙwayar a kan magani nan take. Mai shan maganinsa kullum kan yi tsawon rai, kuma idan ƙwayar ta ragu a jininsa har awo ya daina ganin ta, ba ya shafa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dai dole in faɗi inda nake da fargaba. A al'adarmu ba a musu da likita, kuma mutumin da ke murƙususu don azaba zai iya cewa "to" ga komai domin a duba shi. Shirun mai jin kunya ba amincewa ba ne. Haka kuma ba mu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da yadda raunin amanar ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk asibitin da ya ɗebi jinin mutum ya yi wannan gwaji a ɓoye, ya sani amanar jama'a yake zubarwa, ita kuwa in ta zube ba ta kwasuwa.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi, da hukumar NACA, da shugabannin asibitoci, su mayar da tayin gwajin al'ada ga duk wanda za a ɗebi jininsa a sashen gaggawa, ba tare da duban kama ko sutura ba. A sallami 'yan rakiya kafin a yi maganar, a gaya wa majinyaci da harshen da yake ji cewa yana da ikon ya ƙi, kuma ƙin ba zai rage masa kulawa ba. A ba shi sakamako shi kaɗai a ɗaki mai ƙofa, sannan a haɗa shi hannu da hannu da sashen karɓar magani kafin a sallame shi. Dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ƙanjamau ta haramta bayyana sirrinsu ba da izininsu ba, don haka a hukunta duk ma'aikacin da ya kai labari unguwa.

Mu kuma 'yan rakiya, idan likita ya ce mu ba shi wuri, mu fita ba tare da fushi ba, kuma kada mu tsare majinyaci da tambaya idan mun dawo. Ban san abin da gwajin maƙwabcinmu na asibiti ya nuna ba, kuma bai kamata in sani ba. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu baki ɗaya.