Keke mai giya a garin da ba tudu

A rumfar wani mai faci da ke kan hanyar Baga na ga abin da ya tsaya mini a rai duk makon nan. Wani matashi ne ya turo keke irin na hawan dutse, mai kaurin taya, da giya gaba da baya. Na gwanjo ne, amma ya goge shi sai ƙyalli yake. Mai facin ya ɗaga tayar baya, ya juya feda da hannu, ya taɓa giya, kaca ta ƙi motsawa daga inda take. Wayar giyar ta riga ta cije da tsatsa. Ya ce, "Ɗana, kai ba ka canza giya ne?" Yaron ya ce, "Baba, in canza in hau ina?"

Maiduguri garin keke ne, kowa ya sani. Tun watan Yulin 2011 da gwamnatin jiha ta hana hawa babur, keke ya zama ƙafar talaka: malamin makaranta, ɗan kasuwar Monday Market, mai ɗauko itace daga bayan gari, duk shi suke takawa. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara tura wasu kan sirdi. Amma je ka duba titunanmu. An yi gadar sama, an yi tagwayen hanyoyi, ba a ware wa mai keke ko taku biyu ba. Gefen kwalta duk yashi ne, in ka kauce masa ka faɗa gaban Keke Napep, in ka bi shi taya ta zame. Na sha yin maganar yashin nan da magudanan ruwan da ke cike da leda, kuma ba zan daina ba sai an kwashe.

To amma yau ba keken neman abinci nake nufi ba. Ina maganar hawa don jin daɗi ne, irin wanda matashi zai fita bayan asuba, ya bar kwalta, ya bi burji, ya hau tudu yana haki, ya gangaro iska na kaɗa masa riga, ya zagayo gida kafin rana ta yi zafi. An haifi yara a garin nan, sun girma har sun isa aure, ba su taɓa wuce ramin tsaron da ya kewaye gari a kan keke ba.

Alhali jihar nan tana da wuraren. Ko a nan kusa akwai jigawar Bama, tsohuwar gaɓar tafkin Chadi ta dubban shekaru, wadda ta ratsa ta Maiduguri da Konduga har Bama. Akwai madatsar ruwa ta Alau, kimanin kilomita 20 daga gari, inda a da iyalai kan je shan iska da sallah. Tun da madatsar ta ɓalle ranar 10 ga Satumban 2024 ba a ambatar sunanta sai da baƙin ciki, kuma da dalili. Amma tunda an ce za a gyara ta, me zai hana a share hanyar ƙasa a gefenta, wadda mai keke zai bi ya zagayo?

Duwatsun Gwoza ba na ma son in taɓo su, don raunin bai warke ba tun 2014. Biu ce a raina. Duk wanda ya taɓa kwana a Biu cikin hunturu ya san ƙasar daban take da tamu: tudu bayan tudu, jar ƙasa, baƙaƙen duwatsu na tsohon aman wuta barbaje a gonaki, tsaunukan Miringa a arewa, ga tafkin Tila a zaune cikin kwarin dutse. Hanyoyin da ake bukata ma suna nan, manoma da masu zuwa cin kasuwa sun riga sun taka su. Zagaye na kilomita 20 ko 25 ya isa, wanda ba ya bukatar gwani: hawa mai ɗan tsawo inda za ka sauke giya ka yi ta haƙuri, sai shimfiɗa tsakanin gonakin dawa, sai gangara mai tsakuwa inda ake koyon kama birkin baya kafin na gaba. Abin da za a kashe bai wuce na alluna masu nuna hanya ba, da yardar dagatai da masu gona, da mai faci ɗaya a tsakiyar hanya. Mai shayi da mai ƙosai za su kawo kansu. Ga ɗaliban Jami'ar Sojoji da aka kafa a Biu a 2018, su kaɗai sun isa su raya hanyar.

Kada a ce ba zai yiwu ba: Ruwanda ta ga abin da ya fi namu muni a 1994. Yau tana da hanyar keke da ƙafa mai tsawon sama da kilomita 200 a gaɓar tafkin Kivu, baƙi na zuwa daga ƙasashen duniya suna kwana a ƙauyuka suna biya.

Za a ce mini mutane na fama da yunwa ni ina zancen wasa, kamar dai yaron da ke fama da yunwa ba ya bukatar abin da zai raba shi da zaman banza da ƙwaya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan. Daga Maiduguri zuwa Biu ta Damboa bai kai kilomita 200 ba, amma shekara da shekaru matafiya na zagayawa ta Damaturu saboda tsoro. Kullum ana gaya mana a rediyo cewa zaman lafiya ya dawo. Mun ji, mun kuma gode wa waɗanda suka ba da ransu. Amma manoman da aka yanka a Koshebe a watan Nuwamban 2020 ba nisa suka yi da gari ba, kuma babu uwar da ta manta. Mai ayarin motoci da jiniya ba shi ne zai gaya mana hanya ta yi kyau ba. Ranar da uba zai bar ɗansa ya tafi Alau a kan keke ba tare da ya zauna riƙe da waya ba, ranar za mu yarda.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke. Ya kamata ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha ta zauna da jami'an tsaro da masarautar Biu tun yanzu, a fitar da zagaye ɗaya tak, a kafa masa alluna, a sanar da ranar buɗe shi. In kuma hanyar ba za ta biyu ba, a fito a gaya mana dalili.