Manhaja Ba Ta Ganin Ruwa

Jama'a, ba ni da ja da manhajar wayar nan da masu kula da wuraren ninkaya ke lissafin sinadari da ita. Ta fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. Sai dai abin da aka ba ta, shi take juyawa. Tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 1.5, lita 75,000 yake ci; a kuskure zurfin, lissafi duka ya rushe. Kuma ba ta san hasken rana ya cinye kulorin tun da hantsi ba. Dole a ɗebi ruwa a gwada: kada kulorin ya gaza kashi 1 cikin miliyan a tafki, 3 a kwamin ruwan zafi, ma'aunin pH kuma ya kasance tsakanin 7.2 da 7.8. Haka nan ba za ta riƙe hannun mai haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya ba, alhali iskar da ke tashi tana kisa. Don haka masu otal, ku sayi kayan gwaji, ku horar da ma'aikaci tukuna, sannan ku miƙa masa waya.