Hoton jirgin yaƙi: akwai na biki, akwai na shiga kaso

Jama'a, yau da ƴan kasuwarmu na kan iyaka nake magana, na Birnin Ƙonni da Illela, na Ɗan Isa da Jibiya. Da an ji ƙarar jirgin soja a sama, sai ka ga matasa sun zaro salula suna ɗauka, kafin la'asar hoton ya gama zagaye WhatsApp. Ni dai ra'ayina, wannan ɗabi'a ta fi ƙarfin wasa.

Ba na musun cewa jirgin yaƙi abin kallo ne. A Faransa akwai ƙungiyar Patrouille de France, wadda kowace ranar 14 ga Yuli take ratsa samaniyar Paris tana fesa hayaƙi shuɗi da fari da ja. Ingila na da Red Arrows tun 1965, Amurka na da Blue Angels tun 1946. Don a kalle su aka kafa waɗannan, kuma a wurin bikinsu masu kyamara na ta ɗauka ba mai ce musu uffan. Amma irin jirgin nan Alpha Jet da Faransawa ke wasa da shi, shi ne sojojin saman Najeriya ke kai farmaki da shi. Jirgi ɗaya, aiki biyu. Wanda ke wucewa ta kanmu ba biki ya fito ba.

Ko Turawa ba su tsira ba. A watan Nuwamban 2001 an kama ƴan Ingila 12 da ƴan Holan 2 a sansanin sojan sama na Kalamata, ƙasar Girka. Masu sha'awar jirage ne da ke rubuta lambobinsu a littafi. Sun yi fiye da wata guda a tsare, kotu ta same su da laifi a shari'ar leƙen asiri a Afrilun 2002, sai a Nuwamban shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Su ke nan masu lauyoyi da jakadu. To, ina ga ɗan kasuwar da jarinsa duka yana bayan mota ɗaya?

Na san wani yaron mota da aka tsayar a shinge, aka buɗe salularsa aka ga bidiyon jirgin soja. Kwana biyu ana bincike, tumatirin maigidansa na ruɓewa a rana. An sake shi, amma wa zai biya asarar?

Sannan ga tsoron da hoto ke shukawa. Ku tuna Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da CEDEAO ta yi barazanar amfani da ƙarfi, iyaka na rufe. Mutum ya turo maka hoton jirage, ba ka san ƙasar ba, ba ka san shekarar ba, ka tura gaba. Mai buhu ya ɓoye buhunsa, farashi ya tashi, talaka ya biya.

Wasu za su ce ai ɗan ƙasa na da haƙƙin ganin abin da aka saya da harajinsa. Gaskiya ne. Shi ya sa nake kira ga hukumomi su ware rana, su buɗe fili, yara su kalla, a faɗa wa kowa abin da aka yarda a ɗauka. Kafin nan, Alhaji, ja kunnen yaranka: kusa da bariki, filin jirgi ko ayarin soja, salula ta zauna aljihu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka.