Aikin Ƙarshe Maigida Ke Tunawa

'Yan uwa marubuta, mu ɗauki 'yan ƙwadago biyu a gonar masara a Mabai. Na farko ya fara da kunya 20 a wuni, ya sauko zuwa 12. Na biyu ya fara da 12, ya hau zuwa 20. In an lissafa, aikinsu ɗaya ne. Amma mai gona zai ce na farko ya lalace, na biyu zai kira baɗi.

Haka hedimasta yake idan ya zo cike wa malami fom ɗin APER a ƙarshen shekara, watannin baya-bayan nan ne a ransa. A ganinmu akwai zalunci a nan. Malamin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ƙwazonsa ya ragu tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, kafin a kira shi rago, a tambayi hanyar da yake bi zuwa makaranta. Shugaba ya riƙa rubuta aikin kowa wata-wata.

Mu kuwa mai karatu ne maigidanmu, kuma ba ya jin uzuri. Littafin da ya fara da zafi ya ƙare a sanyaye, sanyin za a tuna. Kada mu ƙarar da ƙarfinmu a babin farko.